Kuɗin tallafin mai: a je asibitin mazaɓa a duba

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, zuwa Oktoban 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka sakar wa kasuwa naira ta yi mata farashi, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta zarce 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Da jama'a suka yi kuka, amsar da aka ba su ɗaya ce: a yi haƙuri, kuɗin da ake ƙonawa a tallafi za su koma ga lafiya da ilimi da hanyoyi. To, ni na riƙe wannan magana yadda aka faɗe ta, kuma da ita nake so a yi wa gwamnati hisabi, ta Abuja da ta Gidan Sir Kashim Ibrahim, fadar gwamnatin Jihar Kaduna. Wurin da za a je a duba kuwa shi ne ƙaramin asibitin mazaɓa, na Rigasa ko na Kujama ko na Pambegua. Idan kuɗin sun iso can, an cika alkawari. Idan ba su iso ba, an karɓe wa talaka abu guda da yake mora, ba a ba shi komai ba.

Ba na cikin masu yi wa tsohon tsarin tallafi kuka. A 2022 kaɗai ya lashe sama da naira tiriliyan 4. Tun 2012, bayan zanga-zangar Janairu, binciken Majalisar Wakilai ya bankaɗo yadda ake biyan kamfanoni kuɗin man da ba su shigo da shi ba. Tankoki kuma suna tsallaka iyaka zuwa Nijar da Kamaru da Benin, kowa ya sani. Mai motoci biyar a Unguwar Rimi ya fi mai keke a Hayin Banki cin moriyar mai mai araha, wannan ma gaskiya ne. Sai dai masu kafa wannan hujja suna tsayawa a rabin hanya. Talaka ba ya sayen fetur da yawa, amma duk abin da yake saya a kan fetur yake zuwa: mudun masara daga Saminaka, kuɗin Keke zuwa kasuwa, niƙa, ruwan 'yan garuwa da injin burtsatse ke jawowa. Mai kuɗi ya rage tafiye-tafiye. Talaka ya rage cin abinci. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, kuma a watan Agustan shekarar har dokar hana fita aka sa a Kaduna da Zariya saboda zanga-zangar tsadar rayuwa.

Kuɗin ba ɓacewa suka yi ba. Abin da ake rabawa duk wata tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, wanda a da da wuya ya kai tiriliyan ɗaya, ya kai tiriliyan 2 a wasu watannin 2025. Wato an ciro kuɗi daga aljihun direba da mai kayan miya da malamin firamare, an zuba a asusun gwamnatoci. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Nan Kaduna akwai wani ƙulli da ya kamata mai karatu ya sani. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya bayyana cewa ya gaji bashin dala miliyan 587, da naira biliyan 85, da kwangiloli 115 da ba a biya ba, har ya ce daga cikin naira biliyan 10 da jihar ta samu daga Abuja a watan, an zare biliyan 7 don biyan bashi. Rigimar da ta biyo baya tsakaninsa da tsohon gwamna Malam Nasir El-Rufai ta 'yan siyasa ce, su ƙarata can. Abin da ya shafe mu shi ne lissafin: an ci bashi da dala lokacin da take naira ɗari uku ko huɗu, aka zo biya a 2024 tana wajen naira dubu da ɗari biyar. Babu wanda ya tambayi matar da ke soya awara a Tudun Wada kafin a ci bashin, babu wanda ya tambaye ta kafin a karya darajar naira, amma ita ce ke biya, ta hanyar maganin da ba ta samu a asibiti ba da malamin da ba a ɗaukar wa ɗanta ba. Tituna da gadojin da aka yi a cikin garin Kaduna suna da kyau, ina bi ta kansu ina jin daɗi. Tambayata ita ce wa ya yanke cewa su ne a gaba, ungozoma a Birnin Gwari tana baya.

Mu dubi lafiyar kanta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Najeriya yaro ɗaya cikin takwas ba ya kai shekara biyar, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya kusa ɗaya cikin biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya baki ɗaya 'yan Najeriya ne, kuma kusan haka kasonmu yake a zazzaɓin cizon sauro. Abin da ke kashe waɗannan mata da yara ba wani baƙon ciwo ba ne da ya gagari likitoci. Zubar jini ne bayan haihuwa, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da gudawa, da ƙyanda, da ciwon haƙarƙari, da tamowa. Allurar tsayar da jini ba ta da tsada, amma tana son firiji, firiji yana son wuta, sannan ana son wadda ta iya yi ta kasance a wurin da dare. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, sai a ce kwana ya ƙare. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma ba na yarda a fake da ita a rufe sakacin da ke da suna da ofis da kasafin kuɗi.

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mara lafiya suke fitowa kai tsaye. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin gwamnati ya san yadda abin yake. A yanki kati, a biya. A rubuta gwaji, a fita waje a biya. Safar hannu, auduga, ledar ƙarin ruwa, zaren ɗinki, duk a rubuto maka a takarda ka je kemis. Idan jini ake so, ka nemo mai bayarwa kuma ka biya kuɗin gwaji da leda. Shi ya sa mutum zai tsaya a kemis na unguwa ya ce, «Malam, ba ni na ɗari biyar, jikin yaron ne da zafi,» a ɓallo masa ƙwaya huɗu daga cikin goma sha biyu. Ba jahilci ya sa shi haka ba, lissafi ya yi: kuɗin mota zuwa Asibitin Yusuf Ɗantsoho ko Barau Dikko, da wunin da zai rasa a wurin sana'a, da takardar magani da ya san ba zai iya saye ba. Sai ciwo ya ci ƙarfi a kwasa a tafi asibitin koyarwa na Shika a Zariya, a sayar da akuya, a jinginar da gona, ko a ɗauki hoton mara lafiya a sa a Facebook da lambar asusun banki ana roƙon bayin Allah. Allah ya saka wa masu taimakawa da alheri. Amma ƙasar da ke tafiyar da lafiyar jama'arta da bara a intanet ba ta da tsarin lafiya.

Faɗuwar naira ta ƙara dagula wannan, domin yawancin magungunanmu da sinadaran haɗa su daga Indiya da Sin ake shigo da su. A watan Agustan 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, kuma masu asma da masu neman wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta sun ji a jikinsu. Mai ciwon suga da mai hawan jini, waɗanda shan maganinsu ba ya ƙarewa, su ne suka fi shiga uku. Likitoci kuma suna ta ficewa. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa da bakinsa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru, waɗanda suka rage ba su wuce 55,000 ba ga mutane sama da miliyan 200, kuma da yawansu sun tattara a manyan birane irin su Legas da Abuja. Yaron da aka koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da kuɗin jama'a yana can yana duba marasa lafiya a Ingila ko Saudiyya. Ban ga laifinsa ba. Albashinsa ne aka raba uku da rana tsaka.

Dokoki kam muna da su, har sun yi yawa. A 2001, a Abuja ɗin nan tamu, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Gwamnatin tarayya har yau tana yawo ne a wajen kashi 5. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Dokar 2022 ta ce inshorar lafiya wajibi ce ga kowane ɗan ƙasa. Tsarin mulki ma, a babi na biyu, ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, ya kuma ambaci wadatar asibitoci, sai dai sashe na 6 ya hana ka kai ƙara kotu a kan haka. An rubuta maka haƙƙi da hannun dama an toshe maka hanyar nemansa da hagu.

A yi wa Kaduna adalci, ta fi jihohi da yawa ƙoƙari a nan. Ta sha ware kashi 15 ɗin a kasafinta. An ɗauki asibiti guda a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 255 an gyara. An kafa hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA. Har jirage marasa matuƙa aka kawo suna kai magani da allurar rigakafi ƙauyuka. Amma abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban, kuma gini ba ya karɓar haihuwa. Fenti da sabon rufi suna da saurin gani, ana yanka musu kirtani a ɗauki hoto. Albashin ungozoma uku da za su yi karɓa-karɓa dare da rana ba ya fitowa a hoto, kuma duk wata sai an biya. Ɗan kwangila ba ya samun komai a ciki. Ina zargin wannan ne ya sa gwamnatocinmu, ba na Kaduna kaɗai ba, suka fi son gini a kan ɗaukar ma'aikata.

Inshorar da ake cewa kowa ya biya nasa kuma tana da iyaka. Ma'aikacin gwamnati ana cire masa daga albashi, shi ke nan. Manomi a Kubau ko ɗan acaba ko mai wankin hula fa? Mutumin da ke neman na yau da yau ba zai ɗauki kuɗi dunƙule ya biya wa kansa da mata da 'ya'ya bakwai saboda ciwon da bai zo ba tukuna. Ƙididdigar 2022 ta nuna mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, kusan kashi biyu cikin uku a Arewa suke. Waɗannan ba za su shiga inshora da aljihunsu ba ko shekara nawa za a yi ana shela a rediyo. Ra'ayina a fili yake: awon ciki, haihuwa, tiyatar haihuwa, jinyar yaro ƙasa da shekara biyar da maganin zazzaɓi su zama kyauta a kowane asibitin gwamnati a jihar nan, kyauta ta gaske har da safar hannu da jini, a biya daga baitulmali. Sanarwar da gwamnatin tarayya ta yi a Nuwamban 2024 ta yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta mataki ne mai kyau, sai dai matar da ke ƙauyen Kajuru sai ta fara isa asibitin da ake tiyatar tukuna, a kan hanyar da ake tsoron bi bayan magariba.

Za a ce ina kuɗi. Maƙwabciyarmu Nijar, wadda ba ta kai mu arziki ba ko kusa, ta ayyana jinyar yara ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta tun wajen 2006. Mata suka yi ta kai yara asibiti, mutuwar yara ta ragu. Matsalar da suka ci karo da ita darasi ce gare mu: gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu, sai magani ya riƙa yankewa. Ghana ta kafa inshorar ƙasa a 2003, ta ɗora ta a kan wani kaso na musamman, kashi 2.5 cikin 100, daga harajin kayayyaki, ba a kan aljihun mara lafiya kaɗai ba. Ingila da likitocinmu ke gudu zuwa can ta kafa tsarin jinya kyauta a 1948, tana fitowa daga yaƙi, bashi ya yi mata katutu. Babu ɗaya daga cikinsu da ta jira sai ta yi arziki. A farkon 2025 kuma mun ga haɗarin dogaro da baƙi, lokacin da Amurka ta dakatar da agajinta na ƙasashen waje, aka shiga fargabar maganin ƙanjamau da tarin fuka da abincin yara masu tamowa, har sai da Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya. Ashe idan an matsu ana samun kuɗin.

Duk lokacin da mutum ya yi irin wannan magana a Kaduna, sai wani ya ce ra'ayin 'yan gurguzu ne, ko kuma ƙungiyoyin Turawa ne suka ba shi. Mai faɗin haka bai san tarihin garin da yake zaune ba. Jam'iyyar NEPU a Kano aka kafa ta a watan Agustan 1950, kuma da Hausa Malam Aminu Kano ya yi wa talakawa bayanin zalunci, da ayoyi da hadisai. Hajiya Gambo Sawaba 'yar Zariya ce. Ta sha ɗauri da duka a kan 'yancin mata da talakawa a zamanin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita, kuma yau asibitin Ƙofar Gayan da ke ɗauke da sunanta yana cikin wuraren da ake yi wa mata aikin yoyon fitsari, ciwon da doguwar naƙuda ba tare da taimako ba ke jawowa. A 1979 mutanen tsohuwar Jihar Kaduna, har da Katsina a lokacin, suka zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP gwamna. Gwamnatinsa da ta Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali, kuɗin da dagatai da dogarai ke tatsa daga talaka ko ya noma ko bai noma ba. Majalisar jiha da jam'iyyar NPN ta mamaye ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta kuma tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya. Bai cika shekara biyu ba. Ya koma gonarsa, ya rayu ba tare da dukiyar a zo a gani ba har rasuwarsa a Nuwamban 2020. Mutum na iya saɓa masa a kan taurin kai ko a kan yadda ya ɗauki gwamnati mai iya komai, amma ba wanda zai ce daga waje aka yi masa odar ra'ayinsa.

Ni kaina ban yarda gwamnati ta iya komai ba. Matatar man Kaduna, da aka buɗe a 1980, hujja ce a kaina: shekaru tana cin kuɗin gyara da albashi ba ta tace komai. Amma masu cewa a sayar da komai su ma su amsa tasu. An sayar da rarraba wutar lantarki ga 'yan kasuwa, kuma a Janairun 2024 hukumar da ke sa ido ta rushe shugabannin kamfanin rarraba wuta na Kaduna saboda bashin da ya kai naira biliyan 110. Ɓarna ba ta da ruwa da ko na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa, inda ba a hukunci nan take zama. Bambancin shi ne akwai abubuwan da kasuwa ba za ta taɓa kai wa talaka ba ko da kowa waliyyi ne, saboda babu riba a ciki. Babu ɗan kasuwar da zai buɗe ɗakin haihuwa a ƙauyen Giwa don matan da ba su da naira dubu biyu.

Akwai kuma abin da Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna, ta koya mana. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL), gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da wani kamfanin Ingila suka haɗa hannu. Masaƙun Arewa Textiles da UNTL da Nortex suka biyo baya, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot daga 1975. Audugar Funtuwa da Gusau da Zariya tana shigowa, atamfa tana fita, dubban mutane suna karɓar albashi. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a Kaduna take, a nan Adams Oshiomhole ya taso. Daga 1986 tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na Janar Babangida ya karya naira ya tsadar da kayan gyara, wuta ta lalace, baƙin mai ya yi tsada, aka buɗe ƙofa ga yadin waje, na fasa-ƙwauri kuma ya cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Ma'aikatan KTL da yawa sun mutu suna jiran haƙƙoƙinsu na sallama, alhali masu kamfanin su ne jihohin Arewa 19.

Abin da aka rasa a Kakuri ya wuce albashi. A bakin injin saƙa, Bahaushe da Bajju da Atyap da Gbagyi da Bayarabe da Ibo layi ɗaya suke, ƙungiya ɗaya, yajin aiki ɗaya. Ban ce rufe masaƙu ne ya haddasa rikicin addini na Kaduna na 2000 da na 2002 ba, abin ya fi haka zurfi. Amma garin da ya rasa wurin da talakawansa ke haɗuwa a kan buƙata ɗaya, ya kuma tara matasa ba aikin yi, ya zama sauƙin rabawa. Yau kogi ya raba mu, Musulmi sun tattara a arewa, Kirista a kudu, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ya cinye rabonsa. Alhali kuɗin ledar jini ɗaya ne a Sabon Tasha da Unguwar Sanusi. Manomin citta a Kachia da Jaba da cuta ta cinye wa gona a 2023, da manomin masara a Igabi da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gona, da kuɗin taki ɗaya suke kokawa. 'Yan siyasa sun gane cewa muddin ana gardamar addinin mataimakin gwamna, ba wanda zai tambayi nawa aka saki wa asibitoci a zango na uku na shekara.

Albashi ma ya shiga lissafin. A 1981, bayan yajin aikin da Hassan Sunmonu ya jagoranta, aka sa mafi ƙarancin albashi naira 125, lokacin naira ta fi dala daraja, wato kusan dala 200. A 2019 naira 30,000 ta kai wajen dala 80. Naira 70,000 da aka amince da ita a Yulin 2024, ko 72,000 ta Kaduna, a lokacin ba ta kai dala 50 ba. Adadi yana hawa, abin da yake saya yana sauka. Kuma wannan ga mai albashi ke nan, wanda shi ne 'yan tsiraru. A nan ina da ƙorafi kan ƙungiyoyin ƙwadago: sun iya rufe gari idan an taɓa ma'aikaci, kamar yadda suka yi a Kaduna a watan Mayun 2021, amma ban taɓa ganin an rufe ko da titi ɗaya ba saboda babu ungozoma a asibitocin karkara. Masu ra'ayin kawo sauyi na yanzu su ma sun koma ɗakunan taro na otal suna magana da Turanci a tsakaninsu. Mutanen NEPU a kasuwa da bakin masallaci da tasha suka yi tasu.

Mu ma jama'a muna da namu. Akwai magidancin da ke hana matarsa zuwa awo, akwai mai ɓoye yara idan masu rigakafi sun shigo layi, kuma mashaƙon da ya ɓarke a Arewa a 2023, ya taɓa har Kafanchan, ciwo ne da allura ke hanawa. Sai dai rashin yardar nan tana da tushe. Mutane ba su manta gwajin maganin Pfizer a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba, kuma shi ya ba jita-jitar 2003 a kan allurar shan inna ƙarfi. Sannan akwai tambayar da iyaye suka daɗe suna yi, wadda ban ji an ba ta amsa mai gamsarwa ba: me ya sa ake biyo mu har gida da ɗigon shan inna kyauta, amma idan yaro na zazzaɓi muka kai shi asibiti sai an ce mu kawo kuɗi? An yi nasara a kan shan inna, a watan Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, kuma da sarakuna da malamai da matan unguwa aka yi aikin. Wannan ya nuna gwamnati ta san hanyar kowane gida idan ta ga dama. Uwar da ta samu maganin zazzaɓi kyauta ranar Talata ba sai an roƙe ta ta kawo yaro rigakafi ranar Alhamis ba.

Buhun shinkafa da ake rabawa da sunan rage raɗaɗi kuwa, gara a daina. Ana tara mutane a rana, a ɗauki hoto, kansila ya ware na 'yan jam'iyya, wanda ya samu ya ci kwana uku. Kuɗin tirelolin nan da na taron rabon za su biya albashin ma'aikatan lafiya masu yawa. Jihar da ta ninka harajin da take tarawa a cikin gida daga wajen naira biliyan 13 a 2015 zuwa sama da biliyan 50 a 2020 ta nuna ta iya karɓa. Mai shago da mai Keke da 'yan kasuwar da aka rushe wa Kasuwar Barci a 2020 duk sun san hannun hukuma idan ya zo karɓa. A juya ƙarfin nan ga masu manyan filaye da gidajen haya da otal-otal a GRA da Millennium City, a keɓe wani kaso da doka ga asibitocin mazaɓu yadda ba gwamnan da zai iya karkatar da shi, a riƙa tura shi kai tsaye asusun kowane asibiti a kan lokaci don kada mu faɗa ramin da Nijar ta faɗa.

Abu na farko da za a iya yi ma ba ya cin ko sisi. Kowane asibiti cikin 255 ɗin nan yana da kwamitin ci gaban mazaɓa a takarda, kuma waɗanda ke cikin shirin asusun kula da lafiya a matakin farko ana tura musu kuɗi zango-zango. A wajabta liƙa takarda a ƙofar kowannensu, da Hausar boko da ajami da Turanci: nawa ya shigo, yaushe, me aka saya, su wane ne ma'aikatan da ke karɓar albashi da sunan wurin, wa ke aikin dare a wannan mako, waɗanne magunguna ne kyauta. Limami ya karanta ta bayan sallar Juma'a, fasto ya karanta ranar Lahadi, gidajen rediyon Kaduna su riƙa zaɓar mazaɓa ɗaya duk mako suna bin sawu. Ɗan majalisar jiha da zai zo neman ƙuri'a a 2027 kuma a tare shi da wannan takarda kafin ya sauke buhunan da ya zo da su.